Motar da Ke Ƙin Tashi Idan Ta Yi Zafi: Yadda Ake Gano Inda Cutar Take

Da safe murɗa ɗaya take tashi. A yi tafiyar awa guda lafiya lau, a tsaya shan mai ko sallar azahar a bakin hanya, a dawo bayan minti 15, sai ta ce ba ta san zancen ba. A bar ta ta huce na awa ɗaya, ta tashi sai ka ce ba ita ba. Washegari da safe a kai ta gareji, makanike ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Kuma gaskiya ya faɗa, domin a lokacin da ya duba babu abin da ke damunta.

Abin da ya sa wannan cuta ke cin kuɗi ke nan. Tana bayyana ne na ɗan lokaci, minti 20 ko 40, sannan ta ɓuya. Duk gwajin da aka yi wa inji mai sanyi zai nuna komai daidai, daga nan sai a koma canki-canki: yau fulogi, gobe famfon mai, jibi batir. Ba a kama ta sai a daidai lokacin da motar ta ƙi tashi, da kayan awo a hannu.

Abin da zafi ke yi bayan an kashe inji

Mutane da yawa na ɗauka da zarar an kashe mota ta fara hucewa. Ba haka ba ne. Famfon ruwa ya tsaya, fanka ta tsaya, iskar hanya ta ɗauke, amma ƙarfen inji da manifol ɗin salansa na riƙe da zafinsu. Wannan zafi sai ya bazu zuwa duk abin da ke ƙarƙashin bonet, har wajen minti 10 zuwa 20 yana hawa kafin ya fara sauka. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Damagaram ke wuce digiri 40, abin ya fi tsanani.

Zafin na aiki ta hanya uku. Wayar tagulla na ƙara taurin kai wajen barin wuta ta wuce, kusan kashi 4 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10, don haka naɗin wayar da ke cikin kik ko kwayil da ya hau da digiri 80 ya yi asarar ƙarfi mai yawa. Na biyu, ƙarfe na buɗewa, sai ɗan tsagun da ido ba ya gani a liƙin dalma ko a siririyar waya ya rabu, in ya huce ya sake haɗewa. Na uku, fetur na tafasa ya zama tururi a inda ake buƙatarsa a ruwansa.

Kafin ka taɓa sifana, ka tsayar da amsar waɗannan. Bayan minti nawa da kashewa take ƙin tashi? Tana mutuwa da kanta ana cikin tafiya, ko sai an kashe ta? Idan daga baya ta tashi, tana fitar da baƙin hayaƙi da warin fetur? Allurar zafi ta taɓa haurawa? Motar da ke mutuwa ana tafiya kamar an zare ki, wato makulli, tana nuni ga wuta. Wadda ke tashi in an sake murɗawa nan take, amma ta ƙi bayan minti 15, ta fi nuni ga mai ko kik.

Sai ka jawo cutar da gangan. Yi tafiyar rabin awa da AC a kunne, dawo gareji, ajiye ta a rana da bonet a rufe, ka jira mintunan da ta saba. Mita, fulogi ɗaya na gwaji, na'urar karanta kwamfutar mota, gejin matsin mai, tsumma da gorar ruwa, duk su kasance a shirye, da mutum ɗaya da zai riƙa murɗa ki. Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 a jere, a ba shi hutun rabin minti tsakani, in ba haka ba za a ƙone lafiyayyen kik a wajen neman wata cutar.

Murɗawar farko za ta raba maka hanya biyu: ko inji ba ya juyawa yadda ya kamata, ko yana juyawa da ƙarfinsa amma ba ya kamawa. Babu abin da ya haɗa maganinsu.

Idan inji ba ya juyawa, ko yana juyawa da ƙyar

Kunna fitilun gaba, a murɗa ki, ka lura da su. Idan suka dushe sosai, wuta na fita amma ba ta isa ba, ko kuma kik na jan fiye da kima. Idan ko gezau ba su yi ba, wutar ba ta ma isa kik ba. A mota mai otomatik, taka birki ka mayar da giya N ka gwada. In ta tashi, makunnin da ke jikin giya ne, wanda ke hana mota tashi in ba a P ko N take ba.

Batir cikakke da ya huta yana nuna 12.6V. In 12.2V ya nuna, rabin caji gare shi. Lokacin da ake kik kada ya faɗi ƙasa da 9.6V. Akwai wata yaudara a nan: altanetar da ke daina caji idan ta yi zafi tana barin mota ta cinye batir a hanya, a tsaya ta ƙi tashi, bayan awa guda batir ya ɗan farfaɗo ta tashi. Don haka a auna caji da zafi, fitilu da AC a kunne. Yawancin motoci za su nuna tsakanin 13.5V da 14.5V.

Idan batir lafiya yake, sai a nemi inda wuta ke zubewa a hanya. Auna waya da ohm ba ya nuna komai a nan, domin ko zare ɗaya ya rage a cikin wayar mita za ta ce ta haɗu. Ana auna ta ne tana ɗauke da kaya. Sa mita a volt, baki ɗaya a kan dalmar batir ta fozitif, ita kanta dalmar ba kan da aka ɗaura mata ba, ɗaya bakin a babban noti na kik. A murɗa. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ya ɓace a hanya, kuma bai kamata ya wuce 0.5V ba. Maimaita daga dalmar negatif zuwa jikin inji: kada ya wuce 0.3V. Wayar at, wadda ke haɗa batir da bodi da inji, ita aka fi mantawa da ita, musamman bayan an sauke inji an mayar. Gwajinta mai sauƙi ne. Ɗauki wayar jona batir ɗaya, maƙala ta daga negatif zuwa wani ƙarfe mai tsabta a jikin inji. In kik ya juya da ƙarfi, ka gama bincike.

Sai siririyar wayar da ke shiga salanoyid ɗin kik, wato makunnin maganaɗisu da ke jona masa babbar wuta. Lokacin da aka riƙe ki a wajen tayarwa, ya kamata ta kawo aƙalla 10V. In 8V ko 9V take kawowa, salanoyid mai sanyi zai yi haƙuri ya ja, mai zafi ba zai ja ba, sai dai ka ji ƙas sau ɗaya. Laifin na makunnin ki ne, ko rile, ko wata tsohuwar jona a hanya. In kuwa wuta ta iso cikakkiya ta wayoyin biyu kuma kik bai motsa ba, a riƙe ki kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da icce. Ya juya? Burushinsa sun cinye, ko tagullar da ke cikin salanoyid ta ƙone. Da icce aka ce, ba guduma ba, domin kik na zamani maganaɗisu ne a cikinsa kuma yana fashewa. Wanda ke juyawa a hankali kamar mai jin barci alhali wayoyi lafiya, galibi bushin ɗinsa ne ya cinye har amecha na gogar jiki idan ta buɗe da zafi.

Duba kuma ko faifan da ke kare kik daga zafin salansa yana nan. Ana yawan cire shi lokacin wani aiki a jefar, a ce ba ya komai. A motar da kik ke maƙwabtaka da manifol, sabon kik ma ba zai daɗe ba in babu shi. A tsofaffin motoci masu distiributa, tayimin da aka tura gaba da yawa na sa inji mai zafi ya riƙa turjewa, ya juya ya tsaya, ya juya ya tsaya. Cire wayar kwayil ka gwada: in ya juya sumul, tayimin ne.

Abu ɗaya mai haɗari: inji ya fara juyawa ya tsaya cak kamar ya daki bango. Kada a sake murɗawa, kada a tura. Cire fulogai duka sannan a juya. In ruwa ya yi tsartuwa daga rami ɗaya, gasket ya ƙone, matsin lagireto na tura ruwa cikin silinda bayan an kashe mota. Tilasta shi na lanƙwasa kwanrod.

Idan yana juyawa da ƙarfi amma ba ya kamawa

Fara da wuta, don ita ce mafi saurin dubawa. Cire kwayil ɗaya ko wayar fulogi ɗaya, sa fulogin gwaji, jingina ƙarfensa da jikin inji, a murɗa. Ana son tartsatsi mai ƙarfi da ke ƙara tas-tas. Kada a riƙe da hannu, kada kuma a yi kusa da inda fetur ya zuba. A lokaci guda mai murɗa ki ya kalli allurar juyin inji a dashbod. A motoci da yawa tana ɗan rawa in ana kik. Na'ura ta fi tabbas: ya kamata ta nuna juyi 150 zuwa 250 a minti. In sifili ta nuna alhali kunnenka na jin inji na juyawa, kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, ba ta san yana juyawa ba. Ba za ta ba da wuta ba, ba za ta buɗe nozul ba.

Wannan aikin sensar kirank ne, kuma a motocin da ke da birenbos ita ce ta farko da ake zargi. Mai waya biyu naɗin siririyar waya ce a kan maganaɗisu, sirantarta kamar gashi. Da tsufa sai ta tsinke a ciki, bakunan na taɓa juna da sanyi, su rabu da zafi. Alamarta ba ta ɓuya: mota ta mutu a go-sulo ko bayan doguwar tafiya, babu wuta, babu mai, bayan rabin awa ta tashi. Wani lokaci tana barin lamba P0335, sensar kam kuma P0340, amma rashin lamba bai wanke ta ba. Cire soket ɗinta a lokacin da cutar ke nan ka auna ohm. Lafiyayya na nuna daga ɗaruruwa zuwa dubu biyu ko uku, gwargwadon mota. Adadin ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne mita ta nuna hanya a yanke, sannan in ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan sensar na minti biyu lamba ta dawo, mota ta tashi. Ana iya gwada ta a waje ma: jona mita, tsoma bakinta a ruwan zafi, ka ga ko lamba za ta ɓace. Da mita a AC, in ana kik, galibi tana ba da 0.5V zuwa sama.

Mai waya uku yawanci wani iri ne daban, mai ɗan lantarki a ciki, kuma ba a yanke mata hukunci da ohm. Ana duba cewa 5V ko 12V na shigar mata, at ɗinta na da kyau, wayar sigina kuma na hawa da sauka in inji na juyawa. Kafin a sayi sabuwa a bi wayarta da hannu. Tana yawan bi kusa da salansa, kuma wayar da robarta ta narke ko soket da baƙin mai ya cika suna kwaikwayon mutuwar sensa daidai wa daida.

Idan na'ura na ganin juyi amma babu tartsatsi, sai a koma kan kwayil da modul ɗin da ke kunna shi. A motar da kowane fulogi ke da nasa kwayil, mutuwar ɗaya ba ta hana tashi, sai dai inji ya yi rawa, don haka in duka suka ɗauke a nemi abin da suka haɗa: fis, rile, ko at. A mai kwayil ɗaya, kamar tsofaffin Honda, Golf da Nissan masu distiributa, kwayil ko modul na iya mutuwa da zafi kaɗai. Tsumma mai ruwa na aiki a nan ma, amma a sanyaya abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya watsa ruwa a ko'ina mota ta tashi bai koyi komai ba. Modul ɗin da ke zaune a kan faifan ƙarfe yana buƙatar farin man nan mai ɗauke zafi a bayansa. In an ɗaura sabo babu shi, zai bi sawun tsohon.

Honda Accord da Civic na shekarun 1990 zuwa farkon 2000 suna da sananniyar cuta tasu. Babban rile da ke ba famfon mai da birenbos wuta yana ƙarƙashin dashbod, kuma liƙin dalmarsa na tsagewa. Shi zafin cikin mota ke damunsa, ba na inji ba, shi ya sa motar da aka rufe a rana ke ƙin tashi, a buɗe ƙofofi iska ta shiga ta tashi. Murɗa ki zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa: in ba ka ji kukan famfo na daƙiƙa biyu ba, ɗan buga rilen da yatsa. Mai gyaran rediyo zai sake masa dalma a minti goma. Haka nan duk motar da aka sa wa sakiyuriti ko na'urar bin sawu daga baya, a nemo rilen da aka yanka wayar famfo aka saka. Sau da yawa murɗa wayoyin kawai aka yi aka naɗe da salatif. Fitilar makulli da ke ƙyaftawa a dashbod lokacin kik kuma na nufin motar ba ta gane ki ba. A gwada ɗayan.

In akwai wuta, saura mai

Cire fulogi ɗaya daga inji bayan an yi kik. Busasshe, mai bai iso ba. Jiƙaƙƙe da warin fetur, mai ya yi yawa. Cututtuka biyu ne masu kishiyantar juna, kuma akwai gwajin direba ga kowace.

Na farko, murɗa ki zuwa fitilun dashbod, ƙirga uku, kashe, maimaita sau uku, sannan ka tayar. In ta tashi nan take, matsin mai ne ke zubewa bayan an kashe mota. Sai dai Toyota da yawa ba sa kunna famfo sai inji ya fara juyawa, don haka a kansu shirun famfo ba laifi ba ne, kuma gajerun kik biyu ko uku ne ke maye gurbin wannan gwaji. Na biyu, taka totur har ƙasa ka riƙe, ka yi kik. Yawancin birenbos na yanke mai a wannan hali don inji ya share abin da ya taru. In ta tashi da baƙin hayaƙi tana tari, obafulo ne, wato mai ya yi wa inji yawa.

Geji ne ke yanke hukunci. Motocin fetur masu nozul a manifol na aiki da matsin bar 2.5 zuwa 4. Corolla da Camry da yawa suna kan bar 3 zuwa 3.5, kuma ƙa'idar Toyota ita ce minti 5 bayan kashewa kada ya faɗi ƙasa da bar 1.5. Amfanin wannan ragowar matsi shi ne hana fetur tafasa a bututun da ke kwance a kan inji mai zafi. In ya zube, nozul za su riƙa fesa tururi, a yi ta kik har sai famfo ya kore shi, mota ta tashi tana rawa na ɗan lokaci sannan ta daidaita. Wurare uku yake zubewa. Ɗan bawul ɗin da ke bakin famfo, wanda ke hana mai komawa tanki. Regileta, wadda in ka zare siririn tiyon iskarta ka ga fetur a ciki, robarta ta fashe. Ko nozul mai ɗiga. Don rabewa, a matse tiyon roba mai kawo mai da zarar an kashe mota: matsi ya tsaya, famfo ne, ya ci gaba da sauka, a matse na komawa tanki, har yanzu yana sauka, nozul ne. Bututun leda mai tauri ba a matse shi, fashewa yake. A tabbatar da nozul ta hanyar ɗago su tare da bututunsu, a ɗaure su da waya, a shimfiɗa takarda, a ba da matsi ba tare da kik ba, a kan inji da ya huce. Wanda ya jiƙa takarda cikin minti biyu shi ne.

Famfon kansa ma na gajiya da zafi. Fetur ɗin tanki ne ke sanyaya shi, don haka motar da kullum ke yawo da fitilar mai a kunne tana dafa famfonta. In wuta na isa soket ɗinsa amma ba ya kuka, a bugi ƙasan tanki da tafin hannu ana kik. Gwajin fesa maganin wanke kabireta na daƙiƙa ɗaya a bututun iska, a mayar da bututun sannan a yi kik, yana nuna ko mai ne ya yanke: za ta kama ta mutu. Zuba fetur daga gora a bakin inji ana kik kuwa, hanyar ƙonewar fuska ce.

Obafulo ba tare da nozul mai ɗiga ba yakan fito daga sensar zafin ruwa. Ita ke gaya wa birenbos yawan man da za a bayar wajen tayarwa, kuma inji mai sanyi na buƙatar ninkin abin da mai zafi ke so. In ta ce digiri 20 alhali inji na kan 90, fulogai za su jiƙe. Irin da aka fi samu na nuna ohm 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ya sauko wajen 300 a digiri 80. A na'ura, inji mai zafi ya nuna 85 zuwa 100. In ka ga 40 ƙasa da sifili, waya ta yanke ko soket ya yi tsatsa, kuma za a samu lamba tsakanin P0115 da P0118. Wadda ta fi wahala ita ce mai ƙarya daidai misali, ta ce 45, domin ba ta barin lamba. Kada allurar dashbod ta ruɗe ka: motoci da yawa sensa biyu gare su, ɗaya ta allura ɗaya ta birenbos. Motar da ba ta wahalar tashi sai an fito daga gidan mai kuwa, ba zafi ke damunta ba. Bawul ɗin da ke shigar da tururin tanki cikin inji ne ya maƙale a buɗe.

Masu kabireta

Peugeot 504 da 505, tsofaffin Hiace da ƙananan motocin kaya, nasu ya fi sauƙi. Bayan kashewa fetur na tafasa a kwanon kabireta ya malala cikin manifol. Buɗe murfin filtar iska bayan minti 10, za ka ji wari, wani lokaci ka ga yana ɗiga. Ana tayar da ita da totur a ƙasa, ba a famfa shi. Gyaran shi ne a daidaita fulot, a canza allurarsa in ba ta rufewa, a tabbatar cok na buɗewa gaba ɗaya, a kuma mayar da kaurin faifan nan da ke tsakanin kabireta da manifol, wanda ake yawan maye gurbinsa da gasket na takarda. In kuwa ka motsa totur da hannu ba ka ga mai ya yi tsartuwa a maƙogwaron kabireta ba, tururi ya toshe famfon da ke jikin inji. Jiƙaƙƙen tsumma a kansa zai tayar da ita, sannan a kawar da bututun mai daga kusa da salansa. A masu kwantak, tazarar 0.4mm ce aka saba, kuma kwandansa mai mutuwa da zafi ta fi kwayil yawan laifi, ga ta da arha.

Masu man gas

Injin dizal da ke tashi da sanyi ya ƙi da zafi, ba hitar da ke ɗumama inji kafin tayarwa ba ce, don inji mai zafi ba ya buƙatarta. Fara da saurin kik, domin dizal ba ya yafe juyi mai rauni. Bayan haka, man gas na tsinkewa da zafi, ya riƙa sulalewa ta duk inda ƙarfe ya cinye. A famfo mai juyawa irin na injin 3L da 5L na Hiace da Hilux, kan famfon ne, inda bututun nozul ke fitowa. Naɗa masa jiƙaƙƙen tsumma na minti biyar. In ta tashi, famfo ya tafi wajen masu kalibireshan. Kada a kwara masa ruwan sanyi kai tsaye, ƙarfen na iya tsukewa ya kama abin da ke juyawa a ciki. Man da aka gauraya da kananzir ko mai ruwa ne ke jawo wannan cinyewa. A duba kuma cewa salanoyid ɗin kashe inji na samun wuta yana ƙas.

A na zamani irin su 1KD da 2KD, birenbos ba ya buɗe nozul sai matsi ya kai adadin da aka ƙayyade wa motar a lokacin kik. Karanta shi a na'ura. In bai kai ba, galibi nozul ɗaya ne ke mayar da mai da yawa ta bututun komawa. A jona wa kowanne siririn tiyo da kwalba iri ɗaya, a yi kik, wanda kwalbarsa ta yi wa saura nisa shi ne. In duka daidai suke, a koma kan bawul ɗin da ke jikin famfo mai daidaita shigar mai. Ba a sassauta bututun ƙarfe a irin wannan inji yana aiki, matsinsa na wuce bar 1,000 kuma yana huda fata.

Idan wuta, mai da sensoci duk sun wanku

Saura injin kansa. A auna kwamfireshan da zafi, fulogai duka a cire, totur a buɗe, famfon mai a kashe. Injin fetur mai lafiya na ba da bar 10 zuwa 14, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce bar 1. In ya yi ƙasa, zuba cokali ɗaya na baƙin mai a ramin ka sake aunawa: ya hau, ringi ne, bai hau ba, bawul ne ko gasket. A injin da ake saita bawul da hannu, wanda aka matse da yawa ba ya rufewa idan ya miƙe da zafi, kuma saiti kawai yake buƙata.

Motar da allurarta ke haurawa kafin ta ƙi tashi, a fara da obahitin ɗin: murfin lagireto, fanka, toshewar lagireto, famfon ruwa. Ba a buɗe murfin da zafi, ba a kuma kwara ruwa a kan silinda. Cire tamostat da jona fanka kai tsaye, wanda ya zama al'ada a garejojinmu, ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin cututtukan da aka lissafa. Yana iya ɓoye su na ɗan lokaci don inji ba ya kai zafinsa, a biya da ƙarin shan mai, su dawo da bazara.

Bayan gyara a goge lambobin da ke birenbos, a maimaita tafiyar rabin awar nan da AC a kunne, a ajiye a rana da bonet a rufe, a gwada tayarwa a minti 5, da 15, da 30. In sensa ko kwayil ɗan Baljiyam aka saya, a yi wannan gwaji tun kwanakin da mai kaya ya bayar na mayarwa ba su ƙare ba, domin wanda aka ciro daga wata mota na iya zuwa da irin cutar da ake gudu, kuma a kan teburin shago da sanyi za a gwada maka shi.